Sarrafa Gadar Jirgin Ƙasa Mai Buɗewa Daga Nesa

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya bi jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas yakan ƙetare Kogin Kwara a Jabba, wanda kuma ya bi layin gabas yakan ƙetare Kogin Binuwai a Makurɗi, a kan gadar da aka buɗe a shekarar 1932. Waɗannan gadoji kafaffu ne, ba sa motsi. Jirgin ƙasa ya wuce ta sama, kwalekwale ya wuce ta ƙasa, babu mai jiran wani. Amma a wasu ƙasashe, musamman Amurka da Turai, akwai kogunan da manyan jiragen ruwa ke bi dare da rana, ga kuma layin dogo ya ratsa su dab da ruwa. A irin wannan wuri, idan gada tana shimfiɗe jirgin ruwa ba zai wuce ba, idan kuma aka kawar da ita jirgin ƙasa ba shi da hanya. Dabarar da injiniyoyi suka ɓullo da ita ita ce gada mai buɗewa.

Fiye da shekara ɗari, kowace irin wannan gada tana da mutumin da ke zaune a wani ɗan ɗaki a kanta ko a gefenta, yana buɗewa yana rufewa. A 'yan shekarun nan kamfanonin jiragen ƙasa sun ɗauke da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata, sun mayar da aikin wata cibiya mai nisa, inda ake sarrafa gadar ta hanyar kyamara da rediyo da kwamfuta. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake gudanar da aikin, da alfanunsa, da kuma inda haɗarinsa yake. Mafi yawan misalan daga Amurka aka ɗauko su, domin a can dokokin gadoji a rubuce suke dalla-dalla, kuma akan buga sakamakon binciken haɗurra kowa ya karanta.

2.0 Ma'anar Gada Mai Buɗewa da Ire-irenta

Idan aka ce gada mai buɗewa, ana nufin gadar da ake iya kawar da wani sashe nata na ɗan lokaci domin jirgin ruwa ya wuce, sa'annan a mayar da shi mazauninsa. Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a gina gadar da tsawo yadda jirgin ruwa zai bi ta ƙarƙashinta? Amsar tana ga yanayin jirgin ƙasa. Ƙafafunsa na ƙarfe ne, kuma a kan ƙarfe suke gangarawa, saboda haka ba ya iya hawan tudu kamar mota. Ga jirgin kaya mai nauyi, hawan mita ɗaya a cikin kowace mita ɗari ma aiki ne babba. Wato ke nan idan ana so a ɗaga layin dogo mita 40 sama da ruwa, sai an gina hawa mai tsawon kilomita huɗu a kowace gaɓa. A cikin birni ko tashar jiragen ruwa, sau da yawa babu wannan fili, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne.

Gadoji masu buɗewa da jiragen ƙasa suka fi amfani da su iri uku ne:

(a) Gada mai juyawa: Wannan tana zaune a kan wani ginshiƙi a tsakiyar kogi. Idan za a buɗe ta sai ta juya a kwance, kamar hannun agogo, har ta miƙe daidai da yadda ruwa ke gudu. Jiragen ruwa sai su bi ta gefen ginshiƙin.

(b) Gada mai ɗaga kai: Wannan tana aiki ne kamar jigon ban ruwa a fadama. Gefe ɗaya yana ɗagawa sama, a ɗaya gefen kuma akwai wani ƙaton nauyi na kankare ko ƙarfe da ke rinjayar sa. Kamar yadda curin laka a gindin jigo ke sa manomi ya ɗaga guga cike da ruwa ba da wahala ba, haka wannan nauyi ke sa ƙaramin inji ya ɗaga gada mai nauyin ɗaruruwan tan.

(c) Gada mai hawa sama: Wannan tana tsakanin dogayen hasumiyoyi biyu. Igiyoyin ƙarfe ke jan sashen tsakiya gaba ɗayansa sama, yana nan a shimfiɗe. Gadar Arthur Kill, wadda aka gama a 1959 tsakanin jihar New Jersey da tsibirin Staten na birnin New York, sashenta mai hawa ya kai tsawon mita 170.

Dukansu suna da rauni a wuri guda. Ƙarafan dogo a yanke suke a bakin gadar, domin da a haɗe suke da na tudu, gadar ba za ta motsa ba. Saboda haka, duk lokacin da aka rufe gada, wajibi ne ƙarfen da ke kanta ya dawo ya yi daidai da ƙarfen da ke tudu, a kuma zura masa sakata ta riƙe shi. Idan suka saɓa ko da kaɗan ne, ƙafar jirgi za ta goce. Ɗalibi ya riƙe wannan batu, domin za a dawo kansa.

3.0 Wa Ke Da Haƙƙin Wucewa?

Jayayya tsakanin masu jiragen ruwa da masu jiragen ƙasa tsohuwa ce. A watan Afrilun 1856 aka buɗe gadar jirgin ƙasa ta farko a kan Kogin Misisifi, a garin Rock Island, kuma tana da sashe mai juyawa. Mako biyu bayan haka, ranar 6 ga Mayu, wani jirgin ruwa mai suna Effie Afton ya daki ginshiƙinta, ya kama da wuta, wutar ta cinye wani ɓangare na gadar. Masu jirgin suka kai ƙara, suna cewa gadar ta tare hanyar ruwa. Ɗaya daga cikin lauyoyin da suka kare kamfanin gadar a shari'ar da aka yi a Chicago a 1857 shi ne Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun kasa cimma matsaya, gadar kuma ta ci gaba da aiki.

Matsayin da dokar Amurka ta tsaya a kai shi ne, kogi ya riga gada zuwa. Ƙa'ida ita ce a buɗe gada da gaggawa, a kuma buɗe ta sosai, duk lokacin da jirgin ruwa ya nema, sai fa idan an yi wa gadar wata doka ta musamman. Tun daga 1967 Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ce ke kula da wannan doka. Ita ce kuma ke ba kamfani izinin sarrafa gadarsa daga nesa, bayan an sanar da jama'a an ji ra'ayin masu amfani da kogin. Duk da haka, dokar ta san cewa jirgin ƙasa ba ya tsayawa nan take. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yakan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi bayan an taka birki. Don haka, da zarar jirgi ya shigo yankin layin da gadar take ciki, sai jirgin ruwa ya dakata har ya wuce.

4.0 Aikin Mai Tsaron Gada

Kafin a fahimci abin da na'ura ke ƙoƙarin yi, ya kamata a san abin da mutumin da ta gada yake yi. Aikin mai tsaron gada kashi huɗu ne. Na farko shi ne gani: yana duban kogi sama da ƙasa, yana duban layin dogo, yana lura ko akwai mutum ko ƙaramin kwalekwale a inda gada za ta motsa. Na biyu shi ne ji: yana sauraren odar jiragen ruwa da kiran rediyo. Na uku shi ne sarrafa injin. Na huɗu, wanda ba kasafai ake rubuta shi a takardar aiki ba, shi ne sanin halin gadar. Wanda ya shekara goma a kan gada ɗaya ya san ƙarar da take yi idan ta zauna daidai, ya san yadda ƙarfe ke miƙewa da zafin rana har sakata ta yi tauri. Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar da ke tsakanin gada da jirgin ruwa tana da ƙa'ida tsayayya. A Amurka, jirgin da ke son a buɗe masa yakan busa oda doguwa sau ɗaya, ta daƙiƙa huɗu zuwa shida, sa'annan ya biyo ta da gajeruwa ta kimanin daƙiƙa ɗaya. Idan za a buɗe nan take, mai tsaron gada sai ya mayar masa da irin wannan busa cikin daƙiƙa talatin. Idan kuwa ba za a iya buɗewa ba, ko kuma gadar a buɗe take amma tilas a rufe ta, sai ya yi gajerun busa biyar a jere. A yau an fi yin magana ta rediyon jiragen ruwa, galibi a tasha ta 13, amma busar oda tana nan a doka.

5.0 Kulle Mai Sarƙe

Tun kafin a fara tunanin sarrafawa daga nesa, masu jiragen ƙasa sun gane cewa bai kamata rayukan fasinjoji su rataya a kan natsuwar mutum ɗaya ba. Saboda haka suka haɗa gadar da siginar jirgi a cikin wani tsari da za a iya kira kulle mai sarƙe, wato tsarin da ba ya barin a yi mataki na biyu sai an kammala na farko. Asalin dabarar daga Ingila take, inda John Saxby ya yi mata rajista a 1856. Ga yadda take a kan gada: sigina ba za ta nuna kore ba sai gada ta zauna, sakatu sun shiga, ƙarafa sun daidaita. Haka kuma, sakatu ba za su zaru ba muddin sigina tana kore, ko kuma akwai jirgi a yankin gadar.

To, ta yaya tsarin ke sanin akwai jirgi? A 1872 wani Ba'amurke mai suna William Robinson ya ƙago hanyar da ake bi har yau. Akan saki wutar lantarki mara ƙarfi ta bi ƙarfen dogo ɗaya, ta shiga wata na'ura, ta dawo ta ɗaya ƙarfen. Muddin wutar tana isa na'urar, alama ce layi a sarari yake. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa da sandar da ta haɗa su sai su yanke wa wutar hanya, na'urar ta rasa wuta, sigina ta koma ja. Hikimar wannan tsari ita ce, idan ƙarfen dogo ya karye, ko waya ta tsinke, ko batir ya mutu, sakamakon duk ɗaya ne: jar fitila. An gina shi ne yadda lalacewarsa za ta tsayar da jirgi. Wannan ita ce babbar ƙa'idar da sarrafa gada daga nesa ya ginu a kanta.

Sai dai jar fitila ba ta riƙe jirgi da hannu. Ranar 15 ga Satumban 1958, wani jirgin fasinja a New Jersey ya wuce siginonin tsayawa ba tare da ya rage gudu ba, alhali an ɗaga gadar Newark Bay domin jirgin ruwa. Akwai na'urar da aka kafa don ta kautar da irin wannan jirgi daga kan dogo kafin ya isa ruwa, kuma ta kautar da shi, amma ƙarfin gudunsa ya ja shi har ya faɗa. Mutum 48 suka mutu. A 2008 majalisar dokokin Amurka ta wajabta wani tsari na kwamfuta da ke taka wa jirgi birki da kansa idan direba ya doshi jar sigina bai tsaya ba. An kammala kafa shi a manyan layukan ƙasar a ƙarshen 2020.

6.0 Yadda Ake Sarrafa Gada Daga Nesa

Sarrafa siginoni daga nesa ya daɗe. Tun 1927 kamfanin New York Central ya kafa tsarin da mutum ɗaya a garin Fostoria na jihar Ohio ke juya siginoni da mararrabar dogo na layi mai nisan kilomita da yawa. Gada ce ta yi jinkiri, domin ita tana buƙatar ido a kan ruwa, kuma sai da kyamara da hanyoyin aika hoto suka inganta aka iya samar da wannan ido.

Akwai salo biyu. A salo na farko, ma'aikaci yana zaune a cibiyar kula da zirga-zirgar jirage, gabansa alluna, shi ke ba da umarni. Misali, gadar Delair, wadda ta ƙetare Kogin Delaware tsakanin birnin Philadelphia da New Jersey, an ba kamfanin Conrail izinin sarrafa ta daga cibiyarsa da ke Mount Laurel. A salo na biyu, babu ma'aikacin gada ko kusa ko nesa. Ana barin gadar a buɗe domin jiragen ruwa, idan jirgin ƙasa ya iso sai direbansa ya danna wasu lambobi a rediyonsa, kwamfutar gadar ta karɓi saƙon ta rufe ta.

Kowane aiki na mai tsaron gada an nema masa madadi. A madadin idonsa akwai kyamarori masu duban kogi sama da ƙasa da ƙarƙashin gada, wasu masu gani cikin duhu, da kuma wani haske da ido ba ya gani wanda ake harbawa daga gaɓa zuwa gaɓa, yadda duk abin da ya gifta zai yanke shi. A madadin kunnensa da bakinsa akwai rediyo da makirfo da lasifika da oda. A madadin hannunsa akwai kwamfutar da ke ba injuna umarni bi da bi. A madadin zuwa ya duba sakata kuwa, akwai 'yan ƙananan na'urori a jikin kowace sakata, masu ba da rahoto ko ta shiga ko ba ta shiga ba.

Matakan rufe gada sun ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, amma galibi kamar haka suke:

1. Jirgin ƙasa ya doso, sigina tana ja, ya rage gudu ko ya tsaya.
2. Ma'aikaci ya duba kyamarori, ya tabbatar babu jirgin ruwa a ƙarƙashin gada ko dab da ita.
3. A yi shela ta rediyo da lasifika cewa za a rufe gada, a saurara ko wani zai amsa.
4. Fitilun da ke fuskantar kogi su koma ja, a busa oda.
5. Gada ta fara motsi. Idan wani abu ya yanke hasken nan, sai ta tsaya, a wasu wuraren ma ta koma a buɗe.
6. Gada ta zauna, sakatu su shiga, na'urori su tabbatar da haka.
7. Sai a sa'annan sigina ta ba jirgin ƙasa kore.
8. Bayan taragon ƙarshe ya fita daga yankin, a sake shela, a buɗe gada.

Dokokin irin waɗannan gadoji sukan tanadi cewa idan kyamara ta ɗauke, ko sadarwa ta yanke, a daina sarrafawa daga nesa nan take, a tura ƙwararren ma'aikaci wurin ya karɓi aikin da hannu.

7.0 Alfanun Wannan Tsari

Babban abin da ke jan hankalin kamfanoni shi ne kuɗi. Gadar da ake tsaro dare da rana, kwana bakwai a mako, tana buƙatar ma'aikata huɗu ko biyar masu karɓa-karɓa, ko da kuwa jirgi biyu kacal ke bin ta a yini. Daga cibiya, mutum ɗaya zai iya kula da gadoji da dama. Na biyu, ma'aikacin cibiya yana ganin inda kowane jirgin ƙasa yake, don haka yana iya gaya wa matuƙin jirgin ruwa minti nawa zai jira. Na uku, kwamfuta tana adana hoto da murya da lokacin kowane umarni, abin da ke taimaka wa masu bincike. Na huɗu, an raba ma'aikaci da zaman kaɗaici a tsakiyar kogi cikin sanyi da hadari.

Bugu da ƙari, kasancewar mutum a kan gada bai taɓa zama tabbacin tsira ba. A watan Agustan 2001, a mashigin ruwa na Welland da ke Kanada, ma'aikacin da ke zaune a kan wata gadar motoci mai hawa sama ya sauke ta a kan jirgin ruwan Windoc tun bai gama wucewa ba, ta fille masa ɗakin matuƙi da bututun hayaƙi, jirgin ya kama da wuta.

8.0 Inda Haɗarin Yake

8.1 Iyakar abin da na'ura ke gani

Kyamara tana nuna abin da aka saita ta a kai ne kurum. Hazo da ruwan sama da hasken rana mai kashe ido da yanar gizo-gizo duk suna rage mata gani, ƙaramin kwalekwale kuma ɗigo ne a kan allo. A 2015 wata mata mai keke ta rasa ranta a garin Zaandam na ƙasar Holan, lokacin da aka ɗaga gadar hanya da ake sarrafawa daga nesa tana kai, ma'aikacin bai lura da ita a allonsa ba.

Haka su ma na'urorin da ke jikin dogo, tambayar da aka tsara musu kawai suke amsawa. Da asubahin 22 ga Satumban 1993, cikin hazo mai kauri, wani jirgin ruwa mai tura manyan kwalekwalen kaya ya ɓace hanya ya daki gadar Big Bayou Canot, kusa da birnin Mobile a jihar Alabama. Gadar, wadda ba a buɗe ta don jiragen ruwa, ta gusa kusan mita ɗaya. Ƙarfen dogo ya lanƙwashe amma bai karye ba, saboda haka wutar Robinson ta ci gaba da gudana, sigina kuma ta ci gaba da nuna kore. Minti takwas bayan haka jirgin fasinja na kamfanin Amtrak ya iso da gudu. Mutum 47 suka mutu. Na'urar ba ta yi ƙarya ba: an tambaye ta ko ƙarfe a haɗe yake, ba a tambaye ta ko a miƙe yake ba.

8.2 Haɗarin Paulsboro

Misalin da ya fi dacewa da wannan babi shi ne abin da ya faru a garin Paulsboro na New Jersey. A can akwai wata tsohuwar gada mai juyawa a kan rafin Mantua, mallakar kamfanin Conrail, wadda aka ɗauke mai tsaronta aka mayar da ita salo na biyu. Da safiyar 30 ga Nuwamban 2012, jirgin kaya mai kawuna biyu da taragu 82 ya iso, ya tarar da sigina ja, alhali a ido gadar a rufe take. Direba ya danna lambobin rediyo, sigina ba ta sauya ba. Sai kwandasta ya sauka ya zaga gadar da ƙafa, ya dawo ya ce a kulle take. Aka kira cibiya, jami'in da ke ba jirage hanya ya ba su izinin wuce jar sigina, kamar yadda dokar kamfanin ta yarda.

Ashe sakatun gefe ɗaya ba su shiga ba. Jirgin yana tafiya a hankali a kai, gadar ta juya a ƙarƙashinsa, ƙarafa suka saɓa. Taragu bakwai suka goce, tankoki huɗu suka faɗa cikin rafin. Ɗaya ya fashe, ya saki kimanin lita 75,000 na wani sinadari mai guba da ake haɗa roba da shi, wanda ya tashi kamar farin hazo ya rufe unguwannin da ke kusa. Mutane da dama sun nemi magani a asibiti a wannan rana, aka kuma kwashe ɗaruruwa daga gidajensu na kwanaki.

Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2014. Ta ɗora laifin a kan abubuwa biyu: barin jirgi ya wuce jar sigina sakatu ba su gama shiga ba, da dogaro da horarwar da ba ta koya wa ma'aikatan jirgi yadda ake duba sakatun gadar ba. Ta kuma nuna cewa gadar ta yi ta samun matsala a kai a kai, matsalolin suna ƙaruwa, amma aka ci gaba da amfani da ita. A nan na'ura ta yi aikinta, domin ta ce a tsaya. Abin da aka rasa shi ne kashi na huɗu na aikin mai tsaron gada. An ɗauke wanda ya san halin gadar, aka ɗora nauyin dubawa a kan wanda ba a koya masa abin da zai duba ba. Yawan lalacewa kuma yakan sa ma'aikata su saba da jar fitila, su riƙa ɗaukarta a matsayin shirmen na'ura.

8.3 Sauran matsaloli

Idan gada ta maƙale babu kowa a wurin, jirgin ruwa da na ƙasa duk sai su jira mai gyara ya taso daga nesa, kuma jirgin ruwan da igiyar ruwa ke turawa ba shi da birki irin na mota. Ma'aikacin da aka ɗora wa gadoji da yawa tare da jirage da yawa yana iya rikita wannan allo da wancan. Akwai kuma buƙatar tsare layin sadarwa daga masu kutse. A inda zirga-zirga ta yi yawa ƙwarai, akan gwammace a rabu da gada mai buɗewa ɗungurungum. Gadar Portal ta 1910, a kan Kogin Hackensack kusa da New York, ta yi ƙaurin suna wajen ƙin rufuwa daidai, har ma'aikata kan sa guduma su mayar da ƙarafanta. A 2022 aka fara gina kafaffiyar gada mai tsawo da za ta maye gurbinta.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa gada mai buɗewa ta samu ne domin kogi da layin dogo su raba wuri guda, kuma rauninta yana bakin da ƙarafa ke haɗuwa. An ga yadda kulle mai sarƙe ke hana sigina ba da hanya sai komai ya zauna, da yadda kyamara da rediyo da kwamfuta suka karɓi gani da ji da hannun mai tsaron gada. Misalan da aka kawo sun nuna cewa amincin tsarin ya rataya a kan sharuɗɗa uku: a gina shi yadda lalacewarsa za ta tsayar da jirgi, a gyara shi tun matsala tana ƙarama, kuma kada a bar kowa ya ƙetare jar sigina sai wanda aka horar ya san abin da yake dubawa. Duk kamfanin da ya ɗauke mai tsaron gada, wajibi ne ya faɗi wanda zai ɗauki kowane ɗaya daga cikin ayyukansa huɗu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a cika gina gadar jirgin ƙasa da tsawo sosai ba? Kawo lissafin da ke cikin babin.
2. Bayyana ire-iren gada mai buɗewa guda uku, tare da kwatanta ɗaya da wani abu da ka sani a garinku.
3. Mene ne kulle mai sarƙe? Yi bayanin dabarar William Robinson da kalmominka.
4. Jero matakan rufe gada daga nesa bi da bi.
5. Kwatanta haɗarin Big Bayou Canot da na Paulsboro. A wanne ne sigina ta nuna ja, kuma me ya biyo baya?
6. Rubuta shafi ɗaya da za ka yi amfani da shi wajen bayyana wa 'yan ajin ƙaramar sakandare yadda gada mai ɗaga kai ke aiki.